Daga Zaure Zuwa Jami'a: Tarihin Shirin Shiga Babbar Makaranta A Jega Da Aliero Da Maiyama

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Sakkwato a mota ya nufi Yawuri, idan ya wuce Tambuwal zai riski Aliero, daga nan sai Jega, sa'an nan Maiyama. Garuruwan nan uku a kan hanya ɗaya suke jere, dukkansu kuma a cikin Masarautar Gwandu suke. An san Aliero da noman albasa da masu ɗori, an san Jega da kasuwa tun kaka da kakanni, Maiyama kuwa ƙasar manoma ce. A wannan yanki aka haife ni, a nan na yi firamare, nan kuma na dawo na zauna bayan na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, da farko a Jihar Sakkwato, daga baya a Jihar Kebbi.

Dalilin wannan rubutu shi ne abin da nake gani a zaurena kowace shekara tun da na ajiye aiki. Da zarar sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, sai iyaye su riƙa zuwa da takardun 'ya'yansu, suna neman in duba musu ko in yi magana da wani. Sau da yawa idan na duba, sai in tarar matsalar ta girmi ranar da aka kawo ta, domin tun shekara 3 da suka wuce aka yi kuskuren, ba wanda ya lura. Wannan ya sa na ga ya dace in bi tarihin al'amarin daga tushe, don malaman makaranta da dattawa su ga yadda hanyar ta sauya, su kuma ga wurin da aka bar giɓi.

Kafin Zuwan Boko

Neman babban ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Kusa da Jega ne garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Harin da dakarun Gobir suka kai wa Gimbana yana cikin dalilan da suka kai ga hijirar Shehu daga Ɗagel zuwa Gudu a shekarar 1804. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ya kafa garin Jega a ƙarƙashin Gwandu. Wato ke nan zuriyar malami ce ta kafa garin, kafin kasuwa ta ɗaukaka sunansa.

A wancan tsari, yaro yakan fara da makarantar allo har ya sauke Alƙur'ani. Idan malaminsa ya ga yana da kai, sai ya shigar da shi karatun littattafai a zaure. Karatun kuwa yana da jeri wanda kowa ya sani. A fannin fiƙihu akan fara da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya, a shiga Risala, sa'an nan Askari, daga ƙarshe Muhtasar. Ba a taɓa jin almajirin da ya tsallake Ahalari ya ce zai fara da Muhtasar ba. In kuwa ya ƙure abin da ke wurin malaminsa, malamin ne da kansa zai gaya masa wanda ya fi gwaninta a nahawu ko tafsiri, ya tura shi can, ko Gwandu ne ko Sakkwato ko wani gari mai nisa. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan zamani. Na farko, karatu hawa-hawa ne, kowane mataki yana buɗe na gaba. Na biyu, akwai mutum guda wanda ya san almajirin ciki da waje, ya kuma san hanyar da ke gabansa, wato malaminsa.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Bayan 'yan shekaru, a 1909, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, daga nan makarantu suka fara yaɗuwa zuwa sauran larduna. Tsarin da ya zauna daga baya shi ne elemantare a manyan garuruwa, midil a hedikwatar lardi, sai kuma kwaleji guda ɗaya tak ga Arewa duka. Ita ce Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa. Ta wannan ƙofa Sardauna Ahmadu Bello ya bi daga Sakkwato zuwa Katsina, Alhaji Shehu Shagari kuma ya bi daga elemantaren Yabo zuwa Midil ta Sakkwato zuwa Kwalejin Kaduna.

Dattawan da na zauna da su a Jega da Mungadi sun ba ni labarin yadda ake ɗaukar yara a wancan lokaci. Hakimi ne zai aika wa dagatai cewa ana son yara kaza, dagaci kuma ya bi gida-gida. Iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi, wasu a rumbu, wasu a tura su ƙauye wurin dangi, don tsoron kada boko ya raba su da addini da gona. Wanda aka kama kuwa, En'e ce za ta ɗauki nauyinsa gaba ɗaya: abinci da tufafi da littattafai da kuɗin mota. Idan ya gama midil, malamansa da jami'in ilimi na lardi su ne za su duba ƙoƙarinsa su yanke inda za shi. Wani a tura shi kwaleji, wani makarantar horon malamai, wani makarantar koyon aikin tsabta a Kano, wani makarantar aikin gona a Samaru, wani ta aikin dabbobi a Bom. Masu ƙarfi a Larabci kuma akwai makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Babu shakka wannan hanya ƙunci gare ta. Yara kaɗan ne ƙwarai suke bi, 'ya'ya mata kuwa kusan babu su a ciki, kuma yaro ba shi da ta cewa a kan abin da zai zama. Amma ta yi kama da tsarin zaure ta fuska ɗaya: wanda ya shiga ba ya ɓata a hanya don rashin sani, saboda akwai masu riƙe da hannunsa.

Daga Mulkin Kai Zuwa Kafa JAMB

Jami'a ta farko a Nijeriya ita ce ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Arewa ba ta samu tata ba sai ranar 4 ga Oktoba, 1962, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A lokacin, wanda ya gama aji 5 na sakandare ya ci jarrabawar WAEC, sai ya ƙara shekara 2 a aji 6 ya ci babbar jarrabawa, sa'an nan ya rubuta wa kowace jami'a takardar neman gurbi daban-daban. Sakandaren da ke da aji 6 kuwa ba su da yawa a Arewa. Don a cike wannan giɓi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a farkon shekarun 1970, jihohi ma suka buɗe nasu, aka kuma kafa jarrabawar IJMB a 1976 don ɗaliban irin waɗannan makarantu. Cikin 'ya'yan wannan yanki da suka yi karatu a waɗannan shekaru akwai Farfesa Attahiru Jega, wanda ya yi firamare a Jega, sakandare a Birnin Kebbi, digiri na farko a Kano. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, da hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015.

A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i 7, ciki har da ta Sakkwato, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977, aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Da jami'o'i suka yawaita, sai ya zama ɗalibi ɗaya yana iya samun gurbi a wuri 2 ko 3, ya tafi ɗaya, sauran su zauna babu kowa, alhali wani yana gida bai samu ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa aka kafa hukumar JAMB a 1978, don a yi jarrabawa ɗaya, a raba gurabe ta ƙofa ɗaya.

Ni ina sakandare aka yi wannan sauyi, domin a 1979 na gama aji 5. Amma ranar da ta fi muhimmanci a karatuna ta riga wannan da shekara 2. A ƙarshen aji 3 ake zaɓen darussan da mutum zai rubuta a jarrabawar fita, mu kuwa yawancinmu abokai muke bi, inda suka yi nan za mu yi. Wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya zuwa ofis. Da na shiga na durƙusa, sai ya ce, "Kai kuma me kake son ka zama?"

Na ce, "Malam, duk abin da Allah Ya yi."

Ya ce, "Haka ne. Amma mahaifinka da ya dogara ga Allah, ai tun kafin ruwa ya sauka yake ware iri. Ka taɓa ganin ya shuka gero ya tafi girbin dawa?"

Daga nan ya jawo sakamakona na shekara 3, ya nuna mini inda nake da ƙarfi da inda nake da rauni. Ya ce in riƙe Tarihi da Labarin Ƙasa da Adabi, in kuma daina gudun Lissafi ko da ba na son sa. Da muka kai aji 5, littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB kwafi ɗaya ne a makarantar duka, shi ne kuma ya zaunar da mu ya karanta mana, ya duba fom ɗin kowa kafin a aika.

Akwai wata jarrabawar da ta fi ta takarda wuya a lokacin. Shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976 ya sa ana neman malamai ido rufe, duk wanda ya gama aji 5 yana iya samun aiki nan take. Mahaifina ya tambaye ni, "Yanzu kai yaushe za ka gama ka fara ɗaukar albashi kamar 'yan'uwanka?" Da na ce sai bayan shekara 5 ko 6, ya yi shiru. Malamin nan ne ya hau babur ranar wata kasuwa ya zo har ƙofar gidanmu, ya yi wa mahaifina bayanin cewa gwamnatin jiha za ta ba ni sikolashif, ba za a taɓa rumbunsa ba. Da haka na tafi makarantar share fage, daga nan na shiga jami'a. Abokaina da yawa da suka fi ni ƙwaƙwalwa sun tsaya a nan, don ba su samu mai zuwa ƙofar gidansu ba.

Sabon Tsarin Sakandare Da Kafa Jihar Kebbi

A 1982 aka fara aiki da tsarin da ake kira 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. An yi jarrabawar fita ta farko ta wannan tsari a 1988, aji 6 na da kuma ya shuɗe. Tun daga nan, ranar da yaro ya shiga ajin farko na babbar sakandare ake raba shi: ko ajin kimiyya, ko na fasaha da adabi, ko na kasuwanci. A 1989 aka faɗaɗa aikin JAMB ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. A shekarar 2000 hukumar NECO ta yi jarrabawar fita sakandare ta farko, ɗalibi ya samu ƙofa biyu maimakon WAEC kaɗai. A 2005 kuma jami'o'i suka fara yin tasu tantancewar bayan ta JAMB.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. Ina cikin ma'aikatan da suka kwaso fayiloli suka dawo Birnin Kebbi. Sabuwar jihar ba ta da jami'a ko ɗaya, saboda haka 'ya'yanmu Sakkwato da Zariya da Kano suka ci gaba da dosa. Akwai ƙa'idar da jami'o'in tarayya suke bi wajen raba gurabe: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, Kebbi tana cikinsu. Mutane da yawa sun ɗauka wannan kaso kyauta ce da ake miƙa wa duk wanda ya nuna takardar shaidar ƙaramar hukuma. Abin da na gani a shekarun aikina shi ne, kason yana rage yawan makin da ake nema ne kawai, ba ya ɗauke wa kowa sharaɗin kiredit 5 a darussan da suka dace da kwas ɗin. Sau da yawa na ga yaro yana da makin shiga, gurbi kuma yana nan, amma rashin kiredit a Turanci ko Lissafi ya mayar da shi gida.

Jami'a Ta Zo Gida

A 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a hanyar Kalgo, a 2020 kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Ban da su akwai kwalejin kimiyyar lafiya a nan Jega, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Abin da kakanninmu suke yi wa tafiyar kwanaki zuwa Katsina, yau yaron Sabiyel ko Kimba ko Andarai yana iya zuwa ya dawo a wuni ɗaya.

Sai dai kusancin gini bai sauya sharaɗin shiga ba. Jami'ar Aliero ta kimiyya ce, mafi yawan kwasa-kwasanta suna neman Lissafi da Kemistiri da Fizis ko Bayoloji. Yaron da aka sa ajin adabi don kawai makarantarsu ba ta da malamin kimiyya, zai iya girma yana ganin ƙofar jami'ar daga gonar albasarsu, amma takardarsa ba za ta shigar da shi ba.

Wannan ya faru a gidana. Ɗiyar ƙanena tana son aikin jinya tun tana ƙarama. Makarantar da ta yi ba ta da malamin Fizis a shekarun da take can, sai aka ba su darasin Aikin Gona a madadinsa, aka ce duk kimiyya ce. Ta gama da sakamako mai kyau. Mai shagon intanet da ya cike mata fom ya tambaye ta darussan da ta iya, ta faɗa, ya rubuta. Ta ci maki mai yawa, muka zauna jira har aka rufe ɗaukar ɗalibai. Sai a lokacin na karɓi takardun na duba, na ga digirin jinya yana neman Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, ita kuwa ba ta taɓa zama ajin Fizis ba ko sau ɗaya.

Da na yi mata bayani, sai ta ce, "To Baba, ai ba wanda ya gaya mini."

Ban sami abin ce mata ba. Ni da na yi shekaru ina aiki da irin waɗannan takardu, kullum tana gaishe ni da safe tana wucewa makaranta, ban taɓa tambayar ta darussan da take yi ba. A cikin gida kuwa magana ta fara tashi cewa tun da karatun ya ƙi, gara a yi mata aure. Na roƙi ƙanena ya ba ni shekara 2. Muka samo malami yana koya mata Fizis da yamma, ta rubuta jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ba ta ci ba, ta sake ta ci. Yanzu ma'aikaciyar lafiya ce, ta kuma yi aurenta. Amma ƙawayenta 2 da aka yi wa irin wannan kuskure ba su koma ba.

Zamanin Kwamfuta

A 2010 JAMB ta haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama guda ɗaya. A 2013 aka fara gwada yin ta da kwamfuta, daga 2015 kuma aka daina ta takarda da fensir gaba ɗaya. Ɗalibi yana amsa darussa 4, Turanci dole ne, sauran 3 kuma kwas ɗin da yake nema ne yake fayyace su. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, jimillar maki 400. A 2017 aka shigo da tsarin da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa ake ba da kowane gurbi na halal. Idan an ba ɗalibi gurbi, sai ya shiga intanet da kansa ya amsa cewa ya karɓa, kuma sai an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin hukumar kafin a duba shi. Daga 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. A 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rancen karatu na Gwamnatin Tarayya, a 2025 kuma aka tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta.

Waɗannan sauye-sauye sun rage maguɗi da ɗaukar ɗalibai ta bayan gida. Amma kowannensu ya ƙara wani mataki da yaron ƙauye zai iya tuntuɓe a kai. Na ga wanda ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta. Na ga wanda sunansa a takardar firamare Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a lambar ɗan ƙasa kuma an sa sunan garinsu a wurin sunan uba, ya yi wata 6 yana yawon gyara. Na ga wanda aka ba gurbi bai sani ba, domin da layin wayar mai shago aka yi masa rajista. A zamanin En'e hukuma ce take neman yaro ta riƙe shi har ƙarshe. Yau yaro ne yake neman hukuma, ita kuwa ta cikin na'ura take amsa masa, na'ura kuma ba ta jin roƙo.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Idan muka dubi waɗannan zamuna, za mu ga aikin da malamin zaure ya yi, wanda jami'in lardi ya gada, wanda malaminmu na aji 3 ya ɗauka don Allah, shi ne yau ba shi da takamaiman mai shi. Ga malaman makaranta, ina ganin lokacin wannan aiki shi ne ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare, kafin a raba yara. A zauna da kowane yaro, a duba sakamakonsa, a buɗe masa littafin kwasa-kwasai na JAMB, wanda yanzu yana nan kyauta a intanet, a nuna masa darussan da burinsa yake nema. In makarantar ba ta da malamin wani darasi, a gaya wa iyaye gaskiya tun da wuri, don su san ko za su sauya masa makaranta ko za su nema masa malami. A kuma daidaita rubutun sunansa da ranar haihuwarsa a duk takardunsa tun kafin rajistar jarrabawar fita. Inda akwai kwamfuta ko da guda 5 ce, a fito da su daga sito a ba 'yan ajin ƙarshe su saba.

Ga dattawa da iyaye kuwa, ba sai mutum ya yi boko ba zai iya tambayar ɗansa, "Waɗanne darussa kake yi, kuma ina za su kai ka?" In bai gane amsar ba, ya kai ta wurin wanda ya gane. Haka nan shirin kuɗi yana da lokacinsa. Galibi a farkon shekara ake sayar da fom ɗin JAMB, jarrabawar fita kuma takan faɗo daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana kuma neman kuɗin taki. Wanda ya ware buhu tun da kaka, ko ya keɓe wani abu daga cinikin albasa, ba zai sayar da akuya da asara ba ranar da za a rufe rajista. Kada kuma a raina kwalejin ilimi da ta lafiya da ta fasaha, domin mai takardar NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a daga aji 2. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai da suke saya wa yara fom suna yin aikin alheri, amma zai fi amfani su fara da duba darussan yaran shekara 3 kafin ranar sayen fom ɗin.

Kammalawa

Na kawo wannan tarihi ne daga zauren malamai zuwa Kwalejin Katsina, daga Zariya da Sakkwato zuwa Aliero, don a ga cewa kowane zamani ya matso da babbar makaranta kusa da mu, ya kuma ƙara wa yaro nauyin sanin hanya da kansa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun bayan abin da ya faru da ɗiyar ƙanena, duk shekara idan an kusa hutun ƙarshen zango nakan sa a tara mini 'yan aji 3 na unguwarmu, maza da mata, in yi musu tambayar da malamina ya yi mini. Ina roƙon duk malami da duk dattijon da ya karanta wannan ya yi haka a unguwarsa. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya yi wa zuriyarmu albarka.